Inna, Na Je Binciken Suruki Na Shanye Romo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai taliyar unguwar Sa'alaba.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan makwancinki na da sanyi da haske, albishir na kawo miki: sana'arki ta ci gaba bayanki. Ke da kike murza taliya, ki shanya, ki dafa, ki tsane ta tas kafin ki zuba mai da yaji, ashe wahalar banza kika sha. Masu basira sun gano ba sai an tsane ba. A bar wa mutum ruwan a kwano, a sa masa suna romo, ya bi layi ya biya, har ya yi godiya. Ni da na tsufa ina sayar da turare a kasuwa, wallahi na sara musu. Sunan abin wantan, an ce asalinsa daga ƙasar Sin.

Ba kwaɗayi ne ya kai ni ba. Takwararki, 'yata Ummi, ita ce ta kawo miji. Sunansa Ridwan, ɗan asalin tsibirin Jawa, kakansa aikin Hajji ya kawo shi ya zauna, kamar dai yadda ya kawo ki. Yana da basɗa a unguwar Bani Malik, tebur da tukwane a bakin titi, nan yake sayar da wannan taliya. Ranar Juma'a danginsa za su zo neman aure, kuma bakina ake jira. Ni kuwa a'a na riga na tanada, dalili ne kawai ban samu ba. So nake ta auri wanda jikokina za su ji Hausa a bakinsa, don ita kanta Hausar tata da ɗingishi take tafiya. Ta ce mini, rabi da Hausa rabi da Larabci, in na samu aibi ko ɗaya a jikinsa, halas, ta haƙura. Kin san ta, halinki ta gada: in ta faɗa ba ta canzawa.

A al'ada wani ake turawa bincike. Na ce ba wanda ya kai ni ido. Na cire hula, na sa farar jallabiya da rawanin Larabawa da baƙin tabarau. Uwar Ummi ta dube ni ta ce na yi kama da direban da ya ari kayan kafilinsa, wato ubangidansa.

Bayan la'asar na isa, layi har ya sha kwana. Ga ma'aikatan asibiti 'yan Filifin, ga Sudanawa, ga samarin gari masu ɗaukar hoton abinci kafin su yi bismilla. Na tsaya ina ƙare wa mutumin kallo. Farce a yanke, tukunya fes, ba ya yi wa kowa tsawa. Layin ya kai mu magariba, na ce alhamdulillahi, yau zan ga mai barin salla saboda ciniki. Sai ya rufe tukunya ya bar jama'a tsaye. Da na shiga masallaci, a sahun gabana na tarar da shi.

Da kwano ya iso gabana sai na rasa ta inda ake farawa. Taliya siririya kamar zaren ɗinki tana iyo, a kanta wasu abubuwa kamar ɗanwake da aka ɗaura wa zani. Suka haɗo ni da tsinke biyu. Na ɗauka ɗaya na tsire ne, ɗaya na sakace. Har na buɗe baki zan ce an manta ba a tsane ba, ga aibi ya samu, sai na ga kowa na kurɓa yana lumshe ido. Na nemi cokali a hankali.

Na gatsa ɗaya, na ji nama a ciki. Nan maganarki ta faɗo mini, ranar da kika ƙwace sambusar wani mai talla daga hannuna a ƙofar gida: "Kada ka ci naman da ba ka ga fuskarsa ba." Sai na shiga farke su ɗaya bayan ɗaya kamar likita a ɗakin tiyata. Kaza ce da jatan lande, ba wari, ba ha'inci. Abin da kawai zan iya kushewa, salam take, ba ta da faɗa. Na laluba aljihu na fito da ƙullin yajina, wanda kika saba mini ba a fita ba shi, na barbaɗa.

Sai na ga inuwa a kaina. Ridwan ne, ya ajiye wata kwalba a gabana ya buɗe.

Inna, ƙamshinki ne.

Yajin nan da kike kulle ɗaki in za ki daka. Wanda matata ta yi shekaru tana yi miki ladabi da wanki ko za ki faɗa mata abin da kike ƙarawa bayan kimba da masoro, kika ce sai ta ƙara girma. Ummi kaɗai kike bari a gindin turmi, tana ƙarama, tana atishawa tana miƙa miki citta. Shi ne a kan kowane tebur. Shaɗɗar Hajja suke ce masa, wai yajin Hajiya, kuma rabin layin nan shi suke bi.

Kafin in haɗiye wannan, mutumin ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, da ludayi a hannu, ya ce: "Baba, ina wuni. An zo lafiya?" Hausar a karkace, amma ta fi ta Ummi tsayuwa. Na tambaye shi da Larabci yadda ya gane ni. Ya ce tun a layi, don tun da ya buɗe basɗa ba wanda ya taɓa taya masa kwanon taliya sai ni, kuma Ummi ta riga ta ba shi labarin halina.

Abin da ya biyo baya ban san yadda zan faɗa miki ba. Da yajin ya ratsa romon nan, sai na ga gindin kwano. Ya ƙaro, ban hana ba. Na miƙa kuɗi, ya ɓoye hannuwansa a baya. Kin ga na ci ladan kuturu ke nan.

Tun daga ranar kaina a ɗaure yake. In yi fushi an fitar da sirrin gida tun ba a ɗaura aure ba? To laifin 'yata ne, ba nasa ba, kuma aibinsa aka ce in kawo. In kira shi sata, ko sadakarki ce mai gudana? Na nemi mafaka a maganarki ta nama, sai ɗayar ta tare ni. Kin tuna leburorin da kike zuba wa taliya a ƙofar gida, Yamalawa da Jawa da Bangalawa, maƙwabta na cewa kin tara mana baƙi? Kika ce: "Ciki ba ya tambayar iƙama," takardar nan ta izinin zama. Ke kika faɗi duka biyun, kika tafi kika bar ni a tsakiya.

Da kina nan, da lauma ɗaya ta ishe ki yanke hukunci. Na zauna a kujerar roba a Bani Malik, gemu duk furfura, ido na zubar da ruwa, na ce wa na kusa da ni yaji ne. Yajin ne kuwa. Na yi kewarki, Inna.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa duk wanda ya yi atishawa a kan kwalbar nan a rubuta miki lada. Ya zaɓa wa takwararki mafi alheri, ya kuma ba ubanta abin faɗa kafin Juma'a.

Ɗanki mai kewarki,
Sule mai turare.

Af, na manta. Mutumin da ya je neman aibi ya dawo da kwalba a aljihu da romo a gemu, da wane bakin zai ce a'a?