Je Ki Rera Waƙar Mai Wanki

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a busasshiyar ƙasa,

Ina sanar da ke a hukumance cewa yau da safe mijinki, malamin adabi mai furfura, ya haɗa shayi da hannunsa, ya sha shi kaɗai, kuma bai yi daɗi ba. Tun da kika daina yi mini magana, gidan nan ya koma kamar ajin da aka tashi.

Ranar da masu fim suka zaɓe ki ki rera waƙar mai wankin nan da aka kora daga aiki don ta nemi haƙƙinta, maimakon in taya ki murna, sai na ɗauko tsohon littafin da za su mayar fim. Na gyara tabarau, na karanto miki da muryar aji cewa da aka kore ta shiru ta yi. Na ce wa ya ba su izinin sa wa zalunci kiɗa? Kika ce marubucin bai bi ta gida ba ne.

Jiya yayanki ya zo, wai tunda ni ma ba na so, in hana ki. Wai mace mai 'ya'ya a jami'a ba ta waƙa a fim. Na ba shi ruwa, na raka shi har ƙofa. Ni in hana ki? Wa ke ce wa tsuntsu ya yi shiru don maƙwabta suna barcin rana?

Yana fita na tuna shekarar da aka sallame ni daga makaranta saboda na ƙi ƙara wa ɗan mai makarantar maki. Na zauna cikin littattafai kamar dutse. Ke kuwa kina bakin famfo kina matse riguna, kina waƙa ƙasa-ƙasa, hawaye na haɗuwa da kumfa. Muryar nan ce ta tashe ni tsaye, zumata, ba wani shafi ba.

Don Allah kada ki janye. Gobe ni zan kai ki ɗakin ɗaukar murya, ni zan riƙe miki jaka. Ranar nuna fim kuma a layin gaba zan zauna, inda duk dangi za su gan ni. Mai magana ya yi ta yi.

Naki ne ni, har ƙasa ta rufe idona.

Batun littafi kuwa, ke kika fi ni karatu. Na yi kuskure.