Farantin Ye-sol Ba Ya Maiƙo

Tak Geum-rye,
Gida na 1104, Bene na 7,
Rukunin Gidajen Solmaru,
Daejeon.
Litinin, 20 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Sa Ido kan Makarantun Ƙananan Yara,
Ofishin Ilimi na Gunduma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Abincin rana da ake ba yara a makarantar kuɗi ta Reshen Azurfa, da kuma hana jikata takardar sabunta rajista

Cikin ladabi da sanin girman kujerarka nake gabatar da wannan ƙorafi. Ni ce mai suna a sama, shekarata sittin da takwas, kakar Bang Ye-sol ta wajen uba, yarinya 'yar shekara biyar da ke karatu a makarantar da na ambata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da miyar ƙashin sa a bakin kasuwa, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni na dawo gidan ɗana rainon jika. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Inda aka ga biro ya zame, a yi mini afuwa.

1. Ɗana Hyeon-tae direban motar rarraba magunguna ne, surukata Seon-a kuma tana karɓar marasa lafiya a asibitin haƙori. A farkon shekarar nan Ye-sol ta sami gurbi a makarantar gwamnati da ke bayan gidanmu, wadda kusan kyauta ce, sai dai ana tashi da wuri kuma ba a koyar da Turanci. Reshen Azurfa kuwa, a kuɗinmu na won, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ne a wata, ban da dubu ɗari biyu na abinci, wato kusan duk albashin surukata. Wata biyu suka yi suna auna abin. Shugabar makarantar, Madam Gil, ta nuna musu jadawalin abinci a takarda mai sheƙi: naman sa na gida, kifi sabon kamu, kaza sau biyu a mako. Da na ce a ƙara tunani, ɗana ya ce, "Umma, araha ba ta ado." Suka saki gurbin gwamnati, yarinya ta fara ranar 2 ga Maris. Na ƙyale su, tunda ba daga aljihuna kuɗin ke fita ba.

2. Kamar kowane yaro, Ye-sol tana tafiya da farantinta na ƙarfe mai gurbi biyar, a zuba mata abinci a ciki, idan ta gama a rufe da murfi ta dawo da shi gida a wanke. Ni ke wankewa. Ranka ya daɗe, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wankin kwanukan miya ya san abu ɗaya ko idonsa a rufe: kwanon da aka ci nama a ciki ba ya fita da ruwan sanyi. Na Ye-sol da ruwan famfo kawai yake fita fes, har yatsa ya yi ƙara a jikinsa. Ranar Talata 12 ga Satumba jadawali ya ce miyar naman sa da ganyen teku. Na sami ganyen a manne, ban sami ko ɗigon maiƙo ba. Ranar Laraba 20 ga Satumba jadawali ya ce gasasshen kifi. Na sa hanci gurbi-gurbi, babu ƙarni. Na tambayi yarinya ko an ba su kifi, ta ce an ba su, ta nuna mini girmansa da kan babban yatsanta, ta ce guda ɗaya ake gutsura wa teburinsu, su shida. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa take shigowa gida da ƙarfe biyar ta wuce tukunyar shinkafa kai tsaye, ko jakarta ba ta sauke ba.

3. Kullum da tsakar rana makaranta tana aiko wa iyaye hoton faranti a waya, cike maƙil, nama har yana leƙowa. Surukata ta nuna mini don hankalina ya kwanta. Na ce da ita, "Maman Ye-sol, farantin wane yaro ne wannan? Na 'yarki akwai ɗan lotsawa a gefe, wannan kuwa sabo ne dal." Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan da gaske haka ake zuba wa yara casa'in, to kowane mako sai an kayar da sa a makarantar.

4. Ranar Laraba 11 ga Oktoba na sa kayana na fita unguwa na je wurin Madam Gil. Ta tarbe ni da ladabi, ta ba ni shayi, ba zan ɓoye wannan ba. Na gaya mata na duba farantin na kuma sansana, ban sami maiƙo ko ƙarni ba. Ta ce, "Kakar Ye-sol, yaran yanzu ba irin na zamaninku ba ne, maiƙo yana sa musu nauyin kai a aji. Masaniyar abinci ce take tsara mana komai." Na roƙi a bar ni in leƙa tukunya daga bakin ƙofa, ta ce dokar tsafta ta hana. Na tambayi kilo nawa na nama ake sayowa a rana, sai ta yi dariya ta ce, "Kaka, ai nan ba shagon miya ba ne." Gaskiyarta. A shagon miya, wanda ya biya kuɗin nama ya tarar da ruwa yana iya dukan tebur, kuma ba ɗan shekara biyar ba ne.

5. Daga Litinin 16 ga Oktoba faranti ya fara dawowa gida a wanke tas. An aiko wa iyaye sanarwa cewa sabon tsari ne don rage musu wahala, iyaye mata suka yi ta aika godiya. Wato an sami kuɗin ɗaukar mai wanki, ba a sami na ƙara nama ba. Malamar ajin jikata kuma ta ce wa yara su gode wa kakar Ye-sol, don ita ta jawo. Ban san da wace murya ta faɗa ba, amma na san yanzu 'yan ajinsu suna kiran Ye-sol jikar mai sansanar faranti, kuma ta roƙe ni in daina jiranta a inda motar makaranta ke tsayawa, in tsaya can bayan shagon burodi. A can nake tsayawa.

6. Ranar Juma'a 3 ga Nuwamba aka sa wa kowane yaro takardar sabunta rajistar baɗi a jakarsa, ban da Ye-sol. Surukata ta buga waya, aka ce ana nazari, wai makaranta ta fi son iyalan da ra'ayinsu ya zo ɗaya da nata. Ranar 30 ga wannan wata za a rufe. Mun koma makarantar gwamnatin da muka raina, yanzu mu ne na arba'in da ɗaya a layin jira. Makarantun kuɗi biyu da ke kusa sun ce sun cika, bayan sun tambayi daga ina yarinyar za ta taso. Idan ta rasa gurbi, uwarta za ta ajiye aiki, don gwiwata ba za ta iya bin yarinya wuni guda ba. Surukata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Umma, ku rufa mana asiri. Ko ruwa ne a bar ta ta sha, da yamma sai ku ɗura mata nama." Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba na ɗauki kwalin 'ya'yan itace na koma wurin Madam Gil, na sunkuya iya sunkuyawar da bayana zai yarda, na ce hancina ne ya tsufa. Ta karɓi kwalin. Takarda har yau ba ta zo ba. Gaba kura, baya sayaki: in na yi magana yarinya ta rasa kujera, na yi shiru kuma ba a ba ta ba.

7. Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne ranar Juma'a 17 ga Nuwamba da yamma. Ina kwashe shanya, Ye-sol ta zo ta ja ni da zani ta ce in zo in wanke faranti. Na buɗe murfi na ga maiƙo yana ƙyalli a gurbi biyar ɗin duka, har da na shinkafa. Raina ya yi fari, na ce ashe sun ji kunya sun gyara. Da na kai hanci sai na ji man riɗi, nawa, wanda ƙanwata ke matsowa ta aiko mini daga ƙauye. Na waiga na ga kujerar katako a gindin kantar da nake ajiye man, kwalbar a buɗe. Yarinya ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, kin gani, yau mun ci nama da yawa. Ki gaya wa Mama ta daina kuka a banɗaki." Ranka ya daɗe, ban taɓa yi wa jikata ƙarya ba sai ranar. Na ce, "Lallai kun ci nama, 'yar lelena." Na tara ruwan zafi na wanke mata shi da sabulu tana kallo tana murna.

Saboda haka nake roƙon mai girma, cikin ƙanƙan da kai, ya duba waɗannan:

Na farko, a aika jami'i makarantar ba tare da sanarwa ba, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Kada ya tsaya kallon farantin hoto. Ya tsaya a ƙarshen layi ya duba abin da aka zuba wa yaron ƙarshe, ya sa cokali har gindin tukunya.

Na biyu, a sa baki a ba Ye-sol takardarta kafin 30 ga wata, ko a nuna mana wata ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, don mu namu sanin ya ƙare.

Na uku, a ɓoye sunana idan ana iyawa, ko da yake na san ba sai an faɗa musu ba.

Ɗana da surukata ba su san da wannan takarda ba. Ban san dokokin ofishinku ba, ban kuma san ko bincike zai gyara wa yarinyar nan zama ko zai ƙarasa korar ta ba. Mai girma ne ya san wannan. Idan a ganinsa ƙorafina zai raba ta da kujerarta, ina roƙo a yaga takardar, a rubuta cewa wata tsohuwa ce ta ruɗe. Zan sa hatimina a kan hakan ba tare da gardama ba.

A huta lafiya, tare da matuƙar girmamawa.

Mai biyayya gare ka,

Tak Geum-rye (hatimi)
Kakar Bang Ye-sol