Ƙorafi Kan Hoton Malama Monica da Aka Rataya Ba da Saninta Ba

Khaula Abdulshakur,
Layin Tsohuwar Rijiya, Mabera,
Sakkwato.
Litinin, 10 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Cibiyar Adana Hotuna ta Madubin Rayuwa,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HOTO MAI LAMBA 17 A BAJE KOLIN "TSADAR RAYUWA A IDON KYAMARA"

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda a madadin maƙwabciyata, Malama Monica Ɗanjuma, mai shekara sittin da huɗu, wadda ta koyar a makarantar firamare shekara talatin da ɗaya kafin ta yi ritaya. Ita ta koya mini riƙe alƙalami. Yau hannunta na rawa, shi ya sa ta ba ni izinin rubutawa.

1. Ranar Laraba, 14 ga Fabrairu, 2024, Malama Monica ta je kasuwar hatsi da niyyar sayen tiya guda ta gero, ta tarar abin da ke hannunta bai kai ba. Ta jira har masu awo suka fara ɗaure buhuna, sannan ta durƙusa tana tsintar abin da ya zube, tana zubawa a bakin zanenta. Ba ta musanta wannan ba, ni ma ba zan musanta ba. A wannan hali ne mai ɗaukar hotonku, Malam Salisu Mamman, ya ɗauke ta daga nesa. Bai yi mata sallama ba, balle neman izini.

2. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, cibiyarku ta buɗe baje kolin, aka rataya hotonta a babban zaure da rubutu a ƙasa: "Tsohuwar malama, Mabera." Haka kuma aka buga shi a ƙaton ƙyalle a bakin ƙofarku, daidai titin da take bi zuwa coci da asibiti, aka kuma ɗora shi a shafinku na intanet. Yallaɓai, a Mabera ba a buƙatar suna. Rabin magidantan unguwar sun zauna a ajinta.

3. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar gida ba, yau kwana talatin da bakwai ke nan. Tsofaffin ɗalibanta na ta sallama da ƙullin hatsi, kowa na kawar da kai don kada su haɗa ido. Ta san alheri ne, tana godiya, amma in sun fita sai ta juya fuska bango. Matar da in ta ratso layi samari ke gyara tsayuwa, yanzu ko shanya sai ta leƙa ta tabbatar babu kowa. Ɗanta Daniel ya ga hoton a waya daga Kafanchan, ya kira yana kuka, ya ce ta tattara ta komo. Ina za ta? Shekararta arba'in a Sakkwato, nan aka binne mijinta. Kafanchan ɗin ma hoton ya riga ta isa.

4. Ranar 13 ga Mayu na je ofishinku, sakatare ya ce in nemi mai hoton. Ranar 20 ga Mayu na sami Malam Salisu, ya karɓe ni da mutunci, ya nuna nadama, amma ya ce ya sa hannu ya miƙa hotunan ga ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin, ba shi da sauran iko a kansu. Na kira ƙungiyar, suka ce duk abin da ke bango hurumin cibiyarku ne. Ranar 28 ga Mayu na koma, aka ce Darakta na taro. Na zauna a benci daga hantsi har la'asar, ina kallon baƙi na tsayawa gaban malamata suna ɗaukar ta a wayoyinsu.

5. Ba mu ce a ɓoye halin da talaka ke ciki ba. Malama Monica da kanta ta ce gara a nuna, ko masu iko sa gani. Abin da ta kasa ganewa shi ne yadda aka bincika har aka san aikinta da unguwarta, amma ba a sami wanda zai tako ya tambaye ta ba.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, muna roƙon Mai Girma Darakta ya ba da umarnin sauke ƙyallen bakin ƙofa cikin gaggawa, a cire hoton daga zaure da shafinku, a kuma ba mu amsa a rubuce.

Akwai roƙo guda da ta nace in ƙara. Duk garin nan ya ga hoton, ita kaɗai ce ba ta gani ba, domin ta hana kowa nuna mata a waya. Tana so, kafin a sauke shi, a ba ta lokacin da zauren ba kowa, a rufe ƙofa, ta tsaya gabansa ita kaɗai. Ta ce tana son sanin wace mata ce mutane ke gani in sun dube ta.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Darakta, ya ba shi ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,
Khaula Abdulshakur
(a madadin Malama Monica Ɗanjuma)