Kogon da Yaya Sale Ya Kai Ni

Jidda, daren Asabar

Tun da muka binne Umma ban fita daga unguwarmu Hindawiyya ba sai yau. Yaya Sale ya ce, "Yalla tashi, zaman nan zai kashe ka." Muka hau jirgin ruwa, ya goya mini tukunyar iskar shaƙa, muka nutsa cikin wani kogo a ƙarƙashin ruwa, kusa da bakin teku.

Ciki duhu, ba abin da nake ji sai numfashina. Ba sanyi, ba tsoro. Iskata ta kusa ƙarewa, ko duba agogonta ban yi ba. Shi ya duba, ya jawo ni waje.

A jirgi yana kuka yana faɗa: "So kake in binne mutum biyu?"

Na ce masa yunwa nake ji. Yunwar ma ba na jin ta.