Mun Rasa Mutumin da Ya San Inda Kifi Ke Zuba Ƙwai

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masunta da Masu Gadin Keɓaɓɓen Yankin Teku ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya kuma Shugaban Kwamitin Sintiri, dattijon arziki, mahaifinmu da kowa ya sani da Baba Dogo, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da aka hana kamun kifi a wani yanki na tekunmu domin kifi ya samu ya hayayyafa, a ofis aka ja layin iyakar da rula a kan taswira, aka kuma shekara uku ana sintiri kifi bai ƙaru ba. Marigayi ne ya miƙe a taro, ya faɗa wa manyan jami'ai ido da ido cewa ruwan banza muke gadi, domin wuraren da kifi ke zuba ƙwai suna wajen layin, kuma kifi bai iya karatun taswira ba. Wasu sun yi dariya, wasu sun ji haushi, amma a ƙarshe kowa ya shiga kwalekwalen Baba don ya nuna wuraren.

Baba ba ya aiki da na'ura. Yakan tsaya a goshin jirgi, ya saita hasumiyar tashar jiragen ruwa da wani dutse a gaɓa, sannan ya nuna inda za a jefa alama. Wurare biyar ya ce ya sani. Uku muka sa wa alama aka shigar da su cikin yankin, kuma yau masuntan da suka zage shi ne ke cika komarsu da kifi a gefensu. Biyun da suka rage kuwa, mu muka yi ta ɗage tafiyar, yau taro, gobe injin ya lalace, alhali yana ta aiko mana. Ba mu rubuta komai daga bakinsa ba. Wannan sakacinmu ne, kuma yana ci mana rai, ga shi wata biyu kacal ya rage a sake shata iyakar.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya mai ɗakinsa, da 'ya'yansa da jikokinsa, tare da roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi.

Muna kuma roƙon duk dattijon da ya taɓa fita teku tare da marigayi, don Allah ya zo ofishinmu bayan an share makoki, ko abu kaɗan ya tuna. A wannan karon, ranar da ya zo za mu fita.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi