Bakin da Ya Karkace Hagu

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma, yaushe ka taɓa karanta rubutuna har ƙarshe?

Matarka, Anti Rabi, ta bar flat ɗinku na unguwar Selly Oak a Birmingham. Ta hau jirgin ƙasa har Manchester ta kawo mini littafin da ka mutu ba ka gama ba, na tsofaffin hotunan Turawa masu munanan fuskoki, waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga a takarda. Tana so in ƙarasa, ya fito da sunanka, yara su ga abin da ya cinye ubansu.

Ka gina littafin kan cewa da gangan mai sassaƙar ya karkata bakunan mutanen nan hagu, don a san mugaye ne. Yaya, na ga zanen asali da ya kwafa. A zanen asalin, ɓangaren dama suka karkata. Ya kwafa yadda ya gani, bugu ya juya su, kamar yadda yake juya komai. Tsofaffi ne marasa lafiya, ba su yi wa kowa komai ba.

Ka tuna lokacin da ciwo ya karkata mini baki? Ka sassaƙa fuskata a roba, ka buga, ka raba wa mutane a walimar sunan autanka. Har yara suka riƙa kwaikwayona. Nawa bakin dama ya yi, a takardarka ya fito hagu. Ko a nan ba ka lura ba? Dariya ce ta rufe maka ido?

Ni na yi maka wanka a Birmingham. Mutuwa ta ja bakinka gefe, kuma ta fi ka iya sassaƙa. Na daɗe ina kallo. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya yi sanyi. Sannan na daidaita shi, na ɗaure haɓar, kafin a shigo da babban ɗanka.

Littafin kuwa ba zan daidaita masa baki ba. Zai fito yadda ka rubuta, don ka iya rubutu, wannan ba na musu. A shafin ƙarshe zan sa zanen asalin, da fuskata da ka buga, ba tare da bayani ba. Anti Rabi ta yarda. Ta ɗauka karrama ka nake yi.

Allah Ya gafarta maka. Ni dai da saura kafin in yafe.

Ƙaninka da ka zana,
Isiyaku