Ba Su Sako Yaya Rabi Ba

Gwaggo Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Kawu, ya yara? Mu nan Fagge sai godiya.

Tun rasuwar jaririyarta Yaya Rabi take zama shiru, aka kai ta asibiti. Likita Bature ya tambaye ta sunan ɗanta na fari. Kin san ba ta faɗa, sai ta sunkuyar da kai. Likitan ya rubuta wai ta manta ɗanta, aka wuce da ita gidan mahaukata. Baba ya yi bayani, tafinta ya ce an riga an rubuta.

Ko littafina na soyayya na kasa buɗewa. Jiya na je duba Yaya Rabi, na tarar da marin ƙarfe a ƙafarta. Ta ce, "Binta, daina zuwa. Ke ma ba kya magana, kar su tsare ki."

Ki sa ta a addu'a. A gaida kowa.

'Yarki,
Binta